Yadda Ake Kafa Zarton Tebur a Gida Ba Tare da An Rasa Yatsa Ba

Gabatarwa

Daga cikin injinan da kafinta yake aiki da su, babu wanda ya kai zarton tebur rage wahala, haka kuma babu wanda ya kai shi cin yatsun mutane. Falankin da mutum zai daɗe yana gumi kafin ya tsaga shi da zarton hannu, wannan inji zai raba shi biyu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa ya fito daga manyan masana'antu ya shigo gidaje, har ta kai a yau za ka tarar da shi a gareji, ko a rumfar bayan gida, ko a ɗan shagon ƙofar gida inda yara suke kai da kawowa.

Na zaɓi wannan batu ne domin da yawa daga cikinmu suna ɗaukar darasin koyon sana'a, wasu kuma sun fara tunanin abin da za su kama bayan bautar ƙasa. Ni a gidan kafinta na tashi a Ibadan, kuma duk hutu nakan taya kawuna aiki a shagonsa na bayan gida. Abin da zan kawo a nan haɗi ne na abin da na gani a wurinsa da kuma ƙa'idojin hukumomin kare lafiyar ma'aikata na ƙasashen waje. A Amurka, hukumar kula da ingancin kayan masarufi da ake kira CPSC ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 30,000 ne suke jin rauni da wannan inji a kowace shekara, kuma kimanin 4,000 daga ciki sukan rasa yatsa ko wani ɓangare na hannu. Ba 'yan koyo kaɗai ba ne, har da waɗanda suka shekara da shekaru suna aikin. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin wannan haɗari tun kafin a kunna inji ake shuka shi, wato a wajen kafawa da saiti.

Sassan Injin

Zarton tebur tebur ne na ƙarfe ko alminiyam, wanda faifan zarto mai haƙora yake leƙowa ta tsakiyarsa, moto kuma yana ƙasa yana juya faifan. Tun da yawancin sassansa ba su da tsayayyen suna a Hausa, zan kira kowanne da sunan aikinsa. Akwai shinge, wato doguwar sandar ƙarfe da take kwance a gefen faifai, wadda ake jingina katako da ita idan za a tsaga shi a tsawonsa. Akwai kwari, wato dogon rami da aka yanka a fuskar tebur daga gaba zuwa baya, wanda ma'aunin kusurwa yake zamiya a cikinsa idan za a datse katako a faɗinsa. Akwai wuƙar baya, ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa da yake tsaye daidai bayan faifai. Sai murfi, wanda yake rufe haƙora ta sama. Hanyar da faifai yake bari a jikin katako kuwa, ita zan riƙa kira tsagi.

Harbi

Idan aka tambayi wanda bai taɓa aiki da injin ba ina haɗarinsa yake, zai ce a gaban faifai, inda haƙora suke cin katako. Gaskiya ne akwai haɗari a can, amma wannan haɗari ne da ido yake gani, kowa yana kiyaye shi. Wanda ya fi ɓarna yana bayan faifai.

Ga yadda abin yake. Saman faifan yana juyowa ne zuwa wajen mai aiki. Haƙoran gaba suna gangarawa ƙasa, suna yanka katako suna danne shi a kan tebur. Haƙoran baya kuwa tasowa suke yi daga ƙarƙashin tebur, kuma ba su da wani aikin yanka, domin an riga an yanke wurin. Idan katako ya taɓa su, sai su ɗaga shi, su hau da shi saman faifai, daga nan kuma su wurgo shi zuwa ga wanda yake tura shi. Wannan shi nake kira harbi, domin bai da maraba da harbin jaki: daga baya yake zuwa, kuma ba ya sallama.

Bari mu ɗan yi lissafi domin a ga girman abin. Faifan da aka fi samu a injinan gida faɗinsa inci 10 ne, wato milimita 254, kuma yana juyawa kimanin sau 4,000 a minti ɗaya. Zagayensa ya kusa santimita 80. Ke nan kowane haƙori yana cin tafiyar fiye da kilomita 3 a minti, wato kimanin kilomita 190 a sa'a. Ɗan Adam kuwa yakan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya ga abu ya janye hannunsa. A cikin wannan ɗan lokaci faifan ya riga ya zaga sau 16. Saboda haka duk wanda ya ce maka shi hannunsa yana da sauri, zai kauce, bai yi wannan lissafi ba.

Abubuwan da suke sa katako ya taɓa haƙoran baya sanannu ne. Wani lokaci tsagin ne yake rufewa bayan an yanka, ya matse faifan, musamman idan katakon ɗanye ne ko kuma itacen ya girma a karkace. Wannan ya shafe mu sosai, domin yawancin falankin da ake sayarwa a kasuwanninmu bai gama bushewa ba. Wani lokaci kuma shinge ne ya karkato ciki ta baya, sai hanya ta ƙuntata, katakon ya rasa inda zai bi sai kan haƙora. Ko kuma mai aiki yana turawa da hannu kawai babu shinge babu ma'auni, katakon ya ɗan juya. Ko guntun da aka datse ya maƙale tsakanin faifai da shinge.

Ɓarnar harbi iri biyu ce. Ta farko, katakon ya sami mutum a ciki ko a ƙirji ko a fuska. Na taɓa ganin guntun malaina da bai kai kamu biyu ba ya lotsa ƙofar kwano da take nesa da injin da taku huɗu ko biyar. Ta biyu, wadda ta fi muni, idan katako ya fizge, yakan ja hannun da yake riƙe da shi zuwa kan haƙora, ko kuma hannun da yake turawa da ƙarfi ya zarce gaba tun da abin da yake turawa ya gushe. Yatsu da yawa ta haka suka tafi. Kusan duk saitin da zan bayyana a ƙasa, manufarsa ita ce a raba katako da haƙoran baya.

Inda Za a Ajiye Shi

A sami daɓe mai laushi ɗaya, wanda inji ba zai yi rawa a kansa ba. Idan ƙaramin inji ne irin na ɗauka, a ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, domin babban filawud yana iya kifar da shi. Sannan a auna fili. Filawud ɗaya tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, falankin kasuwa kuma yawanci ƙafa 12 ne. Wanda zai tsaga irin wannan falanki yana buƙatar fili kusan mita 4 a gaban faifai da wasu mita 4 a bayansa. Idan ɗakin bai kai ba, a fara rage tsawon katakon da zarton hannu.

Abu na biyu da ba a cika tunawa da shi ba shi ne hanyar harbi. Tun da wajen mai aiki katako yake tashi, kada a juya injin ta yadda bayan mai aiki zai fuskanci ƙofar tsakar gida, ko taga, ko wurin da ake zama ana hira. Bango ya kamata ya kasance a can.

A bayan injin kuwa a kafa wani tebur da zai tari katakon da yake fitowa, tsayinsa daidai da na injin ko ya gaza shi da kaɗan. Idan babu shi, dogon katako zai rinjaya ƙasa a ƙarshen yanka, mai aiki kuma ya miƙa hannu ta saman faifai domin ya danne shi. A shagunanmu yaron shago ne yake maye gurbin wannan tebur, yana tsaye a baya yana jan katako. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ce idan har za a sa mutum a wurin, a ƙara tsawon tebur ta yadda zai kasance nesa da faifai da aƙalla mita 1.2. Kuma aikinsa tara ne kawai. Ba ya ja, ba ya matse ɓangarorin biyu, domin da zarar ya matse su ya rufe tsagi da hannunsa. A tabbatar da haske sosai, a kuma share guntaye da wayoyi daga inda ƙafa za ta taka.

Maganar Wuta

A nan ne halin da muke ciki ya bambanta da na waɗanda suka ƙera injinan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, mita 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, mita 60. Saboda haka kafin ka biya kuɗin injin da aka shigo da shi na hannu, ka karanta ɗan allon ƙarfen da yake jikin moto. Idan ɗan Amurka ne mai bolt 120, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Ko da ita ma, babban moto irin mai bel da aka yi domin mita 60 zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a wutarmu, wato daga zagaye 3,450 ya dawo kusan 2,900, kuma yakan ɗauki zafi. Ni dai shawarata a nemi wanda aka ƙera domin bolt 230 tun farko. Araha ba ta ado.

Injinan gida sukan ci wat 1,500 zuwa 2,000, wato kimanin amfiya 7 zuwa 9, amma a lokacin tashi sukan ja ninkin haka. A ba injin soket nasa shi kaɗai, mai wayar ƙasa da take aiki da gaske, domin teburin ƙarfe ne kuma hannu yana kansa kullum. Idan dole sai an ja waya, a sa mai kauri, milimita 2.5, a kuma warware ta duka daga naɗinta. Al'adar nan ta cusa tsirarar waya a soket a toshe da tsinken ashana ba ta da wuri a ɗakin da yake cike da garin katako. Idan wuta ta zo da rauni, har ƙwan fitila ya yi ja, a haƙura da aikin. Moto zai yi nishi, faifai ya rage gudu, mai aiki ya ƙara ƙarfin turi, daga nan sai harbi. Ƙaramin janareton nan mai wat 650 zuwa 950 ba zai tayar da injin ba ma. Babban kuwa a ajiye shi a waje nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Amma babban abin da nake so a lura da shi shi ne makunni. A ce kana tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Faifai ya tsaya a cikin katako, ɗaki ya yi duhu, ka fita shan iska ka manta ba ka kashe ba. Ko kuma ka sa hannu kana ƙoƙarin zare katakon. Sai aka dawo da wuta. Injin da yake da makunni na gama-gari zai tashi da kansa nan take, haƙoransa a cikin katako. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan ba abin da zai faru sau ɗaya a shekara ba ne. Maganinsa shi ne makunni mai maganaɗisu, wanda yake sakin kansa da zarar wuta ta yanke, kuma ba ya komawa sai an sake danna shi. Gwada shi ba wuya: ka kunna injin babu katako, ka zare filogi, ka jira ya tsaya, ka mayar. Idan ya tashi da kansa, ba shi da wannan makunni, sai a kira mai gyaran wuta ya sa. A ɗaura shi a gaba, inda gwiwa za ta iya bugun maɓallin kashewa yayin da hannaye biyu suke riƙe da katako. Masu injin da aka haɗa a wajen mai walda su ƙara da rufe bel ɗin da akwati.

Saitin Faifai da Shinge

Kafin a taɓa faifai, a zare filogi, a ajiye shi a kan tebur inda ido zai riƙa ganinsa. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba, musamman a gidan da wani zai iya shigowa ya danna.

Faifai iri-iri ne. Mai haƙora 24 na tsaga ne, domin ramukan da suke tsakanin haƙoransa manya ne, suna kwashe gari da sauri. Mai haƙora 60 zuwa 80 na datsa ne da yankan filawud. Mai 40 zuwa 50 yana taɓa duka biyun. Idan aka tsaga falanki mai kauri da faifai mai haƙora 80, zai yi zafi ya ƙona katakon, kuma sai an yi ta dannawa. A duba ramin tsakiya ma: injinan Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuma kusan milimita 16. Idan ramin ya fi sandar faɗi, akwai zoben da aka yi musamman domin cikewa, kada a yi dabara da wani ƙarfe. A jikin faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka, wajibi ne ya zarce gudun injin. Faifan da ya tsage a jefar da shi, ba a yi masa walda. Wanda ya dakushe a kai wasawa. A wajen ɗaurawa, haƙoran sama su fuskanci mai aiki, a goge wasoshin da suke riƙe faifan, a ɗaure noti da sifana daidai ƙarfin hannu, ban da guduma.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma ya fi kowanne amfani: daidaita faifai da kwari. Ana so su tafi a jere, kamar layin dogo. Ka ɗaga faifai har ƙarshe, ka zaɓi haƙori ɗaya ka yi masa alama da maka. Ka juyo shi gaba daidai fuskar tebur, ka auna tazararsa da bakin kwari. Sannan ka juya faifan da hannu har wannan haƙori ya koma baya, ka sake aunawa. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shi ne, faifai kansa yakan ɗan karkace, idan ka auna haƙora biyu dabam ba ka san laifin na wane ne ba. Wanda ba shi da ma'auni mai kyau ya yi dabarar kawuna: ya ɗaure ɗan katako a jikin ma'aunin kusurwa, ya sa sukuru a bakinsa, ya juya sukurun har kansa ya ɗan shafi haƙorin a gaba, sannan ya zame da shi baya. Idan a baya ya bar rata ko ya goga da ƙarfi, akwai gyara. Bambancin da ya wuce kaurin takarda ɗaya, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita, ya isa a kwance notocin ƙarƙashin tebur a ɗan gusa. Sabon inji daga kwali ma a auna shi, domin tafiyar jirgi da mota takan gusar da saiti.

Shinge kuma a kulle shi, a auna tazararsa da kwari a gaba da baya. Ko dai su zo daidai, ko bayan ya buɗe waje da kaurin takarda. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne bayan ya shigo ciki, ko da gashi ɗaya ne. Bayan an kulle a tura shi da hannu a ga ko yana motsi. Masu amfani da katako a matsayin shinge, suna matse shi da kilam biyu, dole su auna gaba da baya duk lokacin da suka gusar da shi. Sai a ɗora sikwaya a jikin faifai, tsakanin haƙora, a tabbatar yana tsaye cak. Farantin da yake kewaye da faifai shi ma ya yi daidai da fuskar tebur, kada bakinsa ya tsaya wa katako.

Wuƙar Baya

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak a jikin injin nan wanda ba zan yi aiki babu shi ba, wuƙar baya zan zaɓa. Aikinta shi ne ta shiga cikin tsagi ta hana shi rufewa, ta kuma tare katako kada ya juyo kan haƙoran baya. Sharuɗɗanta a ƙa'idar HSE su ne: ta fi jikin faifai kauri, amma kada ta kai faɗin tsagi, sannan ratar da take tsakaninta da haƙora a fuskar tebur kada ta wuce milimita 8. Misali, idan jikin faifai milimita 2.2 ne, tsagi kuma 3.2, wuƙa mai kaurin 2.5 ta yi. Idan ta fi tsagi kauri katako zai cije a kanta, idan ta fi faifai siranta ba ta tsare komai ba. A ɗora ruler a jikin faifai a ga ko suna kan layi ɗaya. Duk lokacin da aka canja faifai a sake duba wannan.

Turai ta daɗe tana amfani da ita, Amurka kuwa sai a ƙarshen shekarun 2000 ƙa'ida ta wajabta ta a kan sababbin injina. Shi ya sa tsofaffin injinan Amurka da suke shigowa na hannu sau da yawa ba su da ita. Waɗanda ake haɗawa a gida ma haka. Mai walda zai iya yanka ta daga farantin ƙarfe mai ƙarfi, in dai an ba shi awo, kuma kuɗinta bai kai na faifai ɗaya ba.

Murfi, Sandar Turi da Tsayuwa

Murfi shi ne abu na farko da kafintoci suke cirewa, hujjarsu wai yana hana ganin yanka. Ni ban gamsu da wannan hujja ba. A wajen tsaga ba faifai ake kallo ba, inda katako ya haɗu da shinge ake kallo, domin idan ya manne da shinge faifai zai bi layinsa da kansa. A sauko da murfi kusa da katako iyakar yadda zai yiwu, a ɗaga faifai yadda haƙora za su leƙo saman katakon da 'yan milimitoci.

Kafin yankan farko a sassaƙa sandar turi da zarton hannu daga guntun filawud, mai ɗan baki a ƙarshe da zai kama katako. Ƙa'idar Birtaniya ita ce tsawonta ya kai santimita 45, a yi amfani da ita a santimita 30 na ƙarshen kowane yanka, kuma hannu kada ya kusanci faifai fiye da haka. A yi guda biyu, a ajiye su inda hannu zai kai ba tare da ya ƙetare faifai ba. Idan za a datsa, a yi amfani da ma'aunin kusurwa, a ture shinge gefe. Haɗa su biyun a yanka ɗaya shi ne yake maƙale guntu.

Mai aiki ya tsaya a gefen layin faifai, ba a kansa ba. Babbar riga, dogon hannu mai lilo, gyale, zobe da agogo duk a ajiye su. 'Yan uwana mata masu sha'awar sana'ar su cusa bakin mayafi cikin rigar aiki. Safar hannu, wadda wasu suke zaton kariya ce, ita ce haƙori yake kamawa ya ja hannun gaba ɗaya. Bayan an kashe inji faifai yana ci gaba da juyawa, har dokar Birtaniya ta nemi a sa birki mai tsayar da shi cikin daƙiƙa 10. Kada a ɗauke guntaye sai ya tsaya cak, kada kuma a tsayar da shi ta hanyar goga masa katako.

Wataƙila wani ya ji labarin injin SawStop, wanda Stephen Gass ya ƙirƙiro a Amurka a 1999, ya shiga kasuwa a 2004. Yana saka 'yar wuta a jikin faifai, da zarar fata ta taɓa sai ya cusa dunƙulen alminiyam cikin haƙora, ya tsayar da su cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Fasaha ce mai kyau, sai dai tana da tsada, ɗanyen katako yana iya tayar da birkin a banza, kuma wannan birki ba ya hana harbi. Shi ma da wuƙar baya yake zuwa.

Ƙura da Ƙara

Waɗannan ba sa zubar da jini, shi ya sa ake raina su. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da suke jawo cutar, musamman a hanci. Ƙurar loko da ta obeche, wanda mu Yarbawa muke kira arere, an san su da jawo asma, loko kuma har da ƙaiƙayin fata. Takunkumin yadi ba ya tare ƙananan ƙwayoyin, a nemi mai lamba N95 ko FFP2. A bar iska tana ratsa ɗakin, a kwashe gari kullum, a nisanta shi da jarkar fetur. Ƙarar injin takan wuce desibel 90, alhali daga 85 kunne yake fara lalacewa idan aka daɗe, don haka a toshe kunne, a kuma sa tabarau na kariya.

Gwajin Farko

Idan an gama saiti, a juya faifai da hannu a ji ko yana taɓa wani abu, a kwashe sifana daga tebur, sannan a sa filogi. A tsaya gefe a kunna, a saurara. Karkarwa ko wata baƙuwar ƙara alama ce ta a kashe a sake dubawa. A bari faifai ya kai cikakken gudu kafin katako ya taɓa shi. A gwada da busasshen katako miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya, sannan a duba gefen da aka yanka. Baƙin tabon ƙuna, ko gari yana tashi daga bayan faifai, suna nuna saitin bai zauna ba tukuna. Katakon da ya murɗe, da gungumen da ba shi da shimfiɗaɗɗen gefe, da falankin da aka ciro daga wurin gini ba a zare ƙusoshinsa ba, duk ba na wannan inji ba ne.

Da yake a gida muke, idan an tashi aiki a sauke faifai ƙarƙashin tebur, a zare filogi, a kulle ɗakin. A rataye akwatin taimakon gaggawa a bango, mai ɗauke da bandeji da ƙyalle mai tsabta, kuma kada mutum ya yi aiki alhali babu kowa a gida. Idan tsautsayi ya auku, a danne ciwon da ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Ban da zuba toka ko baƙin mai ko man birki. Idan yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a ɗora ledar a kan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti nan take, domin sa'o'in farko su ne ake da damar ɗinkewa. Asibitocin ƙashi na tarayya da suke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano, da kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne inda aka fi samun likitocin irin wannan aiki. Tun ranar da aka kafa inji a san wanne ne ya fi kusa, a rubuta sunansa da lambar mai motar da za a kira a jikin bango kusa da makunni.